Hatimin Birnin Tawada

Mai Hatimi mutum ne da bai taɓa jin wani labari karo na farko ba. Duk abin da ka kawo masa, ya riga ya sani tun bara, kuma wanda ya gaya maka bai faɗa daidai ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur ɗaya, kujera ɗaya, da gwangwanin madara cike da wuƙaƙen sassaƙa roba. A nan yake yi wa ofisoshi da makarantu da 'yan kasuwa hatimi, yana yanka haruffa a juye, har ya saba da karanta jarida ta cikin madubi. Aikinsa kam yana da kyau, wannan ba mai ja. Bakinsa ne ba ya hutu.

Kowace Asabar bayan cin abincin rana, shi da mutum uku suna taruwa a ɗakin ajiya na bayan shagon Mai Kemis, tsakanin kwalayen auduga da na bandeji, su yi wasan labari. Ga wanda bai san shi ba, wasan haka yake: mutum ɗaya ya ƙago ƙasa da biranenta da dodanninta, shi ne mai jan labari. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ɗan ludo. Ya nuna huɗu zuwa shida, an yi nasara. Ya nuna ƙasa da haka, sai haƙuri.

Mai Kemis ne ke jan labarin tun da aka fara. Akwai Malama, wadda ta yi ritaya daga koyar da lissafi amma ba ta yi ritaya daga kama kuskure ba. Akwai Direba, ƙanen matar Mai Hatimi. Sannan akwai jaki. Jakin na cikin labari ne, shi ke ɗaukar wa tawagar kaya, kuma dokar wasan ita ce duk wanda ya ɓata zama, shi zai zama jaki a zama na gaba. Jaki ba ya magana. In yana da ra'ayi sai dai ya yi kuka.

Wata Asabar, Mai Kemis ya kai su wani birnin mayaƙa, yana cikin bayanin katanga sai Mai Hatimi ya ja tsaki.

"Wannan ne birni? Katanga da mashi da kare? Ni da zan zauna in gina birni, sai kun cire takalma kafin ku ji sunansa."

Direba ya ce, "Yaya, ba kai ne ka gina akurkin kaji kana ciki ba? Sai da aka ɓalle katako aka fito da kai."

"Gwaji nake yi. Ina duba ko zai riƙe ɓarawo."

"Ya kuwa riƙe."

Mai Kemis ya ajiye takardunsa ya ce, "To Malam, ga kujera. Asabar mai zuwa kai za ka ja labari, a birninka. In agogo ya buga biyar mai mulkin birnin yana kan kujerarsa yana ba da umarni, na bar maka jan labari har abada. In kuwa ya kasa, kai ne jaki wata uku."

Malama ta ce, "Wata uku ba magana? A rubuta. Ina so in gani kafin in mutu."

Aka rubuta. Mai Hatimi ya zaro wani hatimi daga aljihu, don ba ya fita ba hatimi, ya buga a ƙasan takardar: BA A SAUYAWA.

Tun daga ran Lahadi ya rufe shago. Birnin masana zai gina, ya sa masa suna Birnin Tawada. Ba soja, ba ɗan kasuwa, ba ɓarawo, kowa masani ne, har jarirai da tabarau ake haihuwarsu. Kuma ya ce shi ba zai tsaya zane a takarda ba kamar wasu, birnin zai gina a gan shi da ido.

Ran Litinin matarsa ta dawo daga kasuwa ta tarar kicin a hangame.

"Baban yara, ina ƙyauren kicin?"

"Ya zama ƙasa."

"Ƙasar me?"

"Ƙasar da birni zai zauna a kai. Ke ba za ki gane ba."

Ran Talata rariyarta ta ɓata, ta zama kubbar babban ɗakin karatu. Ran Laraba filas ɗin shayi ya zama hasumiyar masu duban taurari. Kwalayen ashana suka zama gidajen masana, aka zube ashanar a cikin kwanon sha. Ɗakunan karatu saba'in da bakwai ya yi, ko casa'in da bakwai ne, adadin ya shige mini, amma dai akwai bakwai a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu na littattafan da aka rubuta a kan sauran ɗakunan ne.

Ya kuma rubuta littafin dokokin birnin, shafi arba'in, kowane shafi ya buga masa BA A SAUYAWA. Mai mulkin birnin sunansa Babban Masani: dattijo mai sanƙo, mai gashin baki, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Matarsa ta leƙa zanen dattijon da ya yi, ta dubi mijinta, ta koma kicin ɗinta marar ƙyaure.

Amma abin da ya ci masa kwana uku cur shi ne hatimin birnin. Zagayayye ne, da hoton alƙalami a tsakiya da fitila a samansa, haruffan sirara kamar gashin ido. Tun da ya fara sana'a bai yi kamarsa ba. Da ya gwada shi a takarda sai ya zauna yana kallo har shayinsa ya huce. Nan take ya buɗe littafin dokoki ya ƙara doka a shafin farko: duk abin da aka rubuta aka buga masa hatimin birni, gaskiya ne, ya tabbata nan take. Ya buga mata BA A SAUYAWA sau biyu.

Ran Juma'a ya bi layin shago shago yana gayyata. Mai aski, mai gyaran rediyo, mai wanki da guga, duk waɗanda ya taɓa yi wa hatimi.

"Ku zo ku ga yadda ake gina birni. Ku zo da kujerunku."

Ran Asabar shi da Direba suka ɗauko birnin a ka. Da suka isa shagon Mai Kemis, ƙyauren kicin ya ƙi shiga ƙofar ɗakin ajiya. Aka karkata shi, unguwar masana nahawu ta zube a kwata. Aka tsince ta, aka goge. A ƙarshe dai aka jera bokitai huɗu a bakin titi, gaban shagon, aka ɗora birnin a kai. Mai Kemis ya ciro agogon bango ya jingina shi da gwangwanin shara. Agogon nan yana da tarihi, wani ya taɓa ba shi a madadin... a'a, wannan wani agogon ne. Wannan dai yana tafiya daidai, shi ne abin da ya dame mu.

Ƙarfe uku aka fara. 'Yan kallo sun kai ashirin.

Mai Hatimi ya gyara murya ya yi minti arba'in yana bayanin tituna. Da ya tsaya shan ruwa sai Malama ta ɗaga hannu. Ita a wasan tsohuwa ce mai tallar albasa.

"Tsohuwata ta yi tafiyar kwana uku, tana jin ƙishirwa. Ina rijiya?"

Mai Hatimi ya dubi birnin. Ya ɗaga rariya ya leƙa ƙarƙashinta.

"Masana ba sa jin ƙishirwa."

"Me suke ci?"

"Ilimi."

"In sun ci ilimin, ina suke zagayawa?"

Mai aski ya faɗo daga kujerarsa don dariya.

Mai Kemis, wanda ya ɗauki wani jarumi mai ciwon haƙori, ya ce, "Jarumina yana neman mai cire haƙori."

"Akwai masana haƙori ɗari uku."

"Madalla. A kira ɗaya ya cire."

"Ba sa cirewa. Rubutu suke a kai."

Don ya kawar da zancen, Mai Hatimi ya ja su zuwa Zauren Gaskiya, wanda gwangwanin biskit ne, ya buɗe shi ya fito da hatimin birni da ƙaramin kwalin tawada. Ya zagaya da shi kowa ya gani. Mutane suka yi ta jinjina kai, don abin ya yi kyau da gaske. Ya karanta musu dokar shafin farko da babbar murya, ya ƙara da cewa, "Ba mahaluƙin da zai iya kwaikwayon wannan hatimi. Ni kaina ba zan iya sake yin irinsa ba."

Direba, wanda a wasan ɗan dako ne, ya ce, "Yaya, a cikin birnin ina ake ajiye shi?"

"A kan tebur, tsakiyar zaure."

"Wa ke gadi?"

"Gadi? Ka ji jahilci. Birnin masana ne, wa zai yi sata?"

"Ɗan dakona ya ɗauka."

"Ba zai yiwu ba."

Mai Kemis ya ce, "A jefa ɗan ludo." Aka jefa. Shida.

Direba ya miƙa hannu ya ɗauke hatimin daga gaban yayan nasa. Malama ta riga ta buɗe jaka ta fito da littafin rubutu da biro. Ta rubuta, ta karanta: "Akwai rijiya a tsakiyar babban ɗakin karatu." Direba ya buga. Tim!

"Ba a haƙa rijiya a ɗakin karatu!"

"Shafi na ɗaya," in ji Malama. "Ya tabbata nan take. Yanzu tambaya. Masananka suna tafiya suna karatu ne, ko suna duba gabansu?"

Mai Hatimi ya ɗaga ƙirji. "Masanin Birnin Tawada ba ya ɗaga ido daga littafi ko gobara ake."

"To nawa ne suka faɗa rijiyar?"

Aka jefa ɗan ludo, ya nuna biyar. Malama ta ninka da ɗari, wai don birnin babba ne. Masana ɗari biyar suka shige rijiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rufe littafinsa.

Daga nan 'yan kallo suka tsoma baki. Mai aski ya ce a ba shi shago a hasumiyar masu duban taurari. Tim! Mai wanki ya ce a rubuta cewa duk rigunan masana suna wurinsa bai gama guga ba. Tim! Masana dubu suka maƙale a gida cikin zanen gado. Mai gyaran rediyo ya ce littattafai su riƙa magana da kansu, kowanne yana karanta abin da ke cikinsa, duk a lokaci guda. Tim! Wata mai wucewa da ba ta ma san abin da ake yi ba ta ce a sa agwagi. Aka sa agwagi dubu huɗu a makarantar koyon shiru.

Mai Hatimi ya buga tebur, unguwar masana nahawu ta sake zubewa.

"Babban Masani ya ba da umarni! A kamo ɗan dakon nan!"

Mai Kemis ya jawo littafin dokoki yana lasar yatsa. "Shafi na goma sha tara. Ba a kama kowa a Birnin Tawada sai kwamitoci bakwai sun zauna sun yi muhawara a kan ma'anar kamu."

"To su zauna!"

"Kwamiti na uku yana cikin rijiya," in ji Malama.

"A fito da su!"

"Shafi na ashirin. Ba a fito da kowa daga ko'ina sai kwamiti na uku ya amince."

Ana cikin haka sai taron ya dare. Matar Mai Hatimi ce ta ratso, hannunta duk gari. Ta sa hannu ta cire kubbar babban ɗakin karatu.

"Maman yara! Ilimin shekara dubu ne a ƙarƙashin nan!"

"Tankaɗe nake." Ta ɗauki filas ɗin ma ta girgiza shi. "Wannan kuma tun Laraba nake nemansa."

Mai aski ya yi ihu, "Shagona! Ina cikin yi wa wani aski!"

Ba ta tafi ba. Ta ga ƙanenta yana buga wani abu mutane na shewa, sai ta tsaya a bayansa da rariya a hammata tana kallo.

Mai Hatimi ya saci kallon agogo. Biyar saura minti goma. Sai ya ji ƙarfi ya dawo masa. Birni ya zama kango, gaskiya ne, agwagi sun cika tituna, littattafai na ta surutu, amma sharaɗin bai ce komai a kan agwagi ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ku yi ta yi. Babban Masani yana kan kujerarsa. Yanzu zai fara lacca, ba zai tsaya ba sai biyar."

Ya kuwa fara. Lacca a kan tarihin waƙafi.

Malama ta yi ɗan rubutu gajere ta tura wa Direba. Direba ya karanta, ya dubi yayarsa. Ta leƙa takardar ta ce, "Buga." Tim!

Mai Kemis ya karɓa ya miƙe tsaye ya karanta wa jama'a: "Babban Masani jaki ne."

Wuri ya yi tsit, sai kukan wata agwagwa ta gaske daga wani gida can baya.

Mai Hatimi ya ce, "Na soke dokar shafi na ɗaya."

"An buga mata BA A SAUYAWA. Sau biyu."

"To zan rubuta cewa ya koma mutum."

"Rubuta," in ji Direba, yana juya hatimin a hannu. "Wa zai buga maka?"

"Jakin masani ne! Zai ci gaba da lacca!"

"Jaki ba ya magana," mutum ashirin suka faɗa baki ɗaya, har da waɗanda yau suka fara jin dokar.

Saura minti huɗu. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Mai Kemis mutum ne mai tausayi, shi ya sa yake sayar da magani, sai ya miƙa masa takardar ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji:

"Malam, akwai mafita ɗaya. Doka ta ce hatimin birni. In wannan bugun bai fita daidai ba, in akwai harafin da ya karkace ko ya cinye, sai mu ce ba hatimin birni ba ne, jabu ne. Kai ne masanin hatimi. Duba ka faɗa mana. Ka ce akwai aibi, shi ke nan, Babban Masani ya tsira, kujerata ta zama taka."

Mai Hatimi ya karɓi takardar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya kai ta kusa da hanci. Alƙalamin ya fito tsaf. Fitilar har da ɗan harshen wutarta. Haruffan nan sirara, ko ɗaya bai taɓa ɗan'uwansa ba, kuma Direba ne fa ya buga, mutumin da hannunsa ya saba da sitiyarin babbar mota. Ya ɗago ya dubi jama'a. Ga mai aski, shi ya yi masa hatimin shagonsa. Ga mai wanki, ga mai rediyo, duk suna kallon bakinsa.

Saura minti biyu.

"Ka ce ya ɗan karkace, Yaya," in ji Direba. "Kaɗan kawai."

"A ina ya karkace?" Mai Hatimi ya daka masa tsawa. "Nuna mini! Ku zo ku duba, duk ku zo! Shekara talatin ina wannan aiki, hatimina bai taɓa cin harafi ba! Wannan bugun ko a gaban alƙali ba mai ƙaryata shi!"

"Ke nan gaskiya ne abin da aka rubuta?" in ji Malama.

"Gaskiya ne mana! Jaki ne! Jaki ne cikakke!"

Agogo ya buga biyar.

Sai da ya ji shewa ta tashi sannan ya gane abin da ya faɗa, da kuma wanda aka zana da sanƙo da tabarau mai zare, wato shi kansa. Mai aski ya kwanta a ƙasa yana dukan siminti. Mai wanki ya ce a maimaita, bai ji da kyau ba. Mai Hatimi ya buɗe baki zai yi bayani, Mai Kemis ya ɗaga takardar sharaɗi ya nuna masa hatiminsa na makon jiya.

"Wata uku, Malam. Daga yanzu."

Direba da matar Mai Hatimi suka kakkaɓe birnin a cikin kwali suka ɗauki ƙyauren, shi kuma ya biyo su a baya da bokitai biyu. Ba wanda ya lura da inda hatimin birni ya shiga.

Da suka isa gida aka mayar da ƙyaure, aka mayar da ashana cikin gidajen masana. Mai Hatimi ya zauna a kujerarsa ya numfasa, don duk hanya maganganu sun taru masa a maƙogwaro.

"Maman yara, bari in gaya miki inda suka yi maguɗi. Tun farko ni na riga na..."

Ta sa hannu a cikin rariya ta ciro wata takarda ta ajiye masa a cinya. Rubutunta ne, manyan haruffa irin na jerin cefane: JAKIN HAR A GIDA. A ƙasa ga alƙalami, ga fitila da ɗan harshen wutarta.

Ya ɗauka. Ya kai ta kusa da hanci. Ya juya ta wajen hasken taga, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana neman ko guda da ya karkace. Ya daɗe yana nema.

Sannan ya ninke takardar a hankali don kada tawadar ta goge, ya sa a aljihun gaba. Da ta tambaye shi ko a zuba masa shayi, sai ya gyara tabarau, ya ɗaga kai sama, ya amsa mata da kukan jaki ɗaya mai tsawo, har maƙwabta suka leƙo ta taga.